Wa ya biya kuɗin binciken da ya wanke sukari?

A shekarar 1967, mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta wallafa nazarin wasu masana abinci su uku daga Jami'ar Harvard ta Amurka. Sun bi diddigin binciken da aka yi kan ciwon zuciya, suka ɗora laifin a kan kitse, suka nuna cewa sukari ba shi da wani laifi na a zo a gani.

Abin da ba su faɗa wa masu karatu ba shi ne, ƙungiyar kamfanonin sukari, Sugar Research Foundation, ta biya su dala 6,500, ta kuma ga rubutun kafin a buga shi. Asirin bai tonu ba sai 2016, lokacin da Cristin Kearns da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka zaƙulo wasiƙun da ɓangarorin biyu suka yi musaya.

Masu kare malaman kan ce a wancan zamani ba a tilasta wa kowa bayyana wanda ya ɗauki nauyin aikinsa. Haka ne, mujallar ba ta fara neman hakan ba sai 1984. Amma wannan uzuri bai taɓa inda gizo ke saƙa ba. Malaman ba su ƙirƙiri alƙaluma ba. Duk binciken da ya zargi sukari sun tsefe shi har sai da suka samo masa aibi, wanda ya zargi kitse kuwa suka bar shi ya wuce salin-alin. Mai kuɗi ba ya buƙatar a yi masa ƙarya, ya ishe shi a kalli inda ya nuna. Shi ya sa rubuta sunansa da ƙananan haruffa a ƙasan takarda bai wadatar ba, muddin yana da ta cewa kan tambayar da za a bincika. Ɗaya daga cikin malaman, Mark Hegsted, daga baya ya zama babban jami'in harkar abinci a ma'aikatar noma ta Amurka.

Ba a daina ba. A 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa Coca-Cola ce ta zuba kuɗin kafa Global Energy Balance Network, ƙungiyar masana da ke fifita motsa jiki a kan rage abin da ake ci da sha wajen yaƙi da ƙiba. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta watse, Jami'ar Colorado kuma ta mayar wa kamfanin dala miliyan 1.