Mariƙin Inji: A Duba Ƙafafu Kafin a Tambayi Farashi

A wannan wata filin namu zai leƙa wajen 'yan'uwa masu sauke injin motarsu a gida domin su sake masa ringi da fistin da kansu, tun da kuɗin gareji ya fi ƙarfin aljihu. Yawancinmu a kan tsohuwar taya muke kwantar da inji, mu tokare shi da itace, mu yi ta mirgina shi da ƙarfin tuwo. To, akwai wani ƙarfe mai ƙafafu da ƙananan tayoyi wanda ake ɗaure inji a jikinsa ta baya, watau ta inda giya take kamawa, ya riƙe shi daidai ƙugun mutum, a juya shi yadda ake so. Mu kira shi mariƙin inji. Masu arahar yawanci daga ƙasar Sin suke zuwa, kuma masu walda irin na Suame Magazine a Kumasi za su iya haɗa shi idan an nuna musu samfuri.

A jikin kwali za a ga an rubuta fam 750 ko fam 1,000, watau wajen kilo 340 ko 450. Injin fetur mai silinda 4 bai cika kaiwa kilo 200 ba, saboda haka sai mutum ya ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Mu tuna darasin da muke yi wa yara a aji: bokitin ruwan da ka riƙe a jikinka, miƙa hannunka da shi ka ji yadda zai koma. Mariƙi ta gefe ɗaya kawai yake riƙe inji, sauran yana reto a iska. Don haka dogon injin dizal, kamar mai silinda 5 na tsofaffin Benz, yana iya lanƙwasa wuyan mariƙin da lambarsa ta ce zai ɗauka.

A ganinmu ƙafafu sun fi lamba muhimmanci. Mafi araha shi ne mai taya 3, guda a gaba biyu a baya, kuma shi ne mai saurin kifewa gefe idan ana tura shi ko ana ɗaure noti da ƙarfi. Mai taya 4, mai faɗin gindi, shi muke ba da shawara, ko da za a ƙara kuɗi. Kilo 150 na ƙarfe idan ya sauka a kan ƙafa, sai wajen mai ɗori, ga kuma bulok ɗin da zai iya tsagewa.

Kusoshi 4 ne suke ɗauke da nauyin duka, kuma ba a cika haɗo su da mariƙin ba. Kada a tsinto su daga gwangwanin tarkace. A nemi masu lamba 8.8 ko sama a kansu, masu haƙori irin na bulok ɗin, su shiga ciki sosai, musamman idan bulok ɗin na alminiyam ne, domin haƙorinsa ba ya da wuyar cinyewa. A tsiyaye baƙin mai da ruwa, a cire kuloci, sannan a ɗaura farantin mariƙin a jikin inji tun yana rataye a sarƙa. Kada a kwance sarƙar sai an ga ya zauna daram.

Wajen juyawa ake yawan jin ciwo. Idan saman inji ya rinjayi ƙasansa, da an zare ƙusar da ke kulle wuyan sai ya wuntsila da kansa, sandar juyawa ta doki mutum a hannu ko a haɓa. Kuma da an cire kan silinda rinjayen ya sake. A riƙa juyawa mutum biyu, a mayar da ƙusar kowane lokaci.

Saura ƙasa. An yi waɗannan tayoyi ne domin daɓen siminti, mu kuwa tsakar gidajenmu na zango da yawa turɓaya ce ko gangare. Taya ɗaya ta nutse, an gama. In babu siminti a shimfiɗa katako mai kauri, a tokare tayoyin. Idan an tashi aiki da yamma a saka gungumen itace a ƙarƙashin gaban injin, domin yara ba su ga abu mai taya sun ƙyale ba.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.