Motsa Jiki: Ina Uwargida Za Ta Samo Lokaci?

 

Akwai wani wasa da ake kira tirayatalon, inda mutum ɗaya zai yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya kama gudu, duk a jere ba hutu. An fara shi a San Diyego ta ƙasar Amurka a 1974, ya shiga gasar Olamfik a birnin Sidni a 2000, inda ake iyon kilomita ɗaya da rabi, tseren keke na kilomita 40, da gudun kilomita 10. Akasarin masu yin sa ba sana'arsu ba ce. Ma'aikata ne da magidanta da iyaye mata masu renon yara. To, ina suke samo lokacin atisaye? Tsara mako suke yi tun kafin ya kama, su yanka atisayen gunduwa-gunduwa, su kuma yi shawara da mutanen gida.

Ba cewa nake ki shiga gasa ba, 'yar'uwa. Dabarar nake so mu ara. Ke da kike aiki a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko asibitin koyarwa na Shika, ko kike da shago a kasuwar Sabon Gari, kin san yadda wuninki yake: abin karyawa, shirya yara, cunkoson Kwangila, aiki, sannan tukunyar dare. Ga shi injin niƙa ya karɓe turmi, Keke Napep ya karɓe tafiyar ƙafa. Ana haka sai ki ji likita ya ambaci hawan jini ko ciwon suga, ya ce a riƙa motsa jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai ɗan ɗaga numfashi, kamar tafiya da sauri, da kuma aikin ƙarfafa gaɓoɓi kwana biyu a mako. Minti 30 ke nan a kwana biyar, kuma ko an rarraba shi yana shiga lissafi.

Ki fara da maigida. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki gaya masa abin da likita ya ce, da ranakun da kike so, da wanda zai kula da yara a lokacin. Abin da aka yi da yardarsa ya fi ɗorewa. Idan ya ga abin baƙo ne, ki tuna masa Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA). In kuma shi ne mai fita ƙwallo ko keke duk safiyar Asabar, sai a yi adalci, ke ma a ware miki naki lokacin.

Sannan ki nemi mintocinki a cikin abin da kike yi dama. Ki sauka daga mota kafin ki iso ƙofar ofis, ki ƙarasa da ƙafa. Ki taka da yara zuwa Islamiyya maimakon ki tsayar da abin hawa. Tsakar gida ma fili ne: igiyar tsalle ba ta da tsada, mai hali kuma ta sayi keken motsa jiki na ɗaki. Maƙwabta biyu ko uku za su iya haɗuwa da hijabansu su zaga unguwa bayan la'asar, ɗaya tana ƙarfafa ɗaya. Iyo kuwa, kada ke ko yara ku kusanci madatsar Kubanni ko kududdufi, don akwai haɗarin nutsewa da cutar tsargiya.

A lura da yanayi. Da hunturu ƙura na tayar wa mai asma ciwo, sai a koma cikin gida. A zafin Maris da Afrilu a guji tsakar rana, a yawaita shan ruwa. Da azumi a sassauta, a bari sai bayan buɗa-baki. Mai ciki da mai jego da mai shan maganin hawan jini su fara jin ta bakin likita.

Abu ɗaya ne ban yarda ki taɓa ba, wato barcinki. Wadda ta kwanta sha biyun dare, ta tashi kafin asuba don atisaye, da kyar za ta yi wata guda ba ta gaji ta watsar ba, kuma yara ne za su sha faɗan gajiyar. Makon da yaro ya kwanta ciwo ko biki ya taso, ki yi abin da ya samu, ki ci gaba a mako na gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Yau da dare ki ɗauki biro, ki rubuta ranakunki biyar a jikin kalanda inda kowa zai gani. Gidan nan a kanki yake tsaye, lafiyarki kuwa amana ce.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.