Lamunin gida: Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk lokacin da wa'adin sabunta haya ya gabato, magidanta a Gyadi-Gyadi da Darmanawa da Unguwa Uku da sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Tarauni kan shiga lissafi iri ɗaya. Mai gida ya ƙara kuɗi, dillali na jiran la'adarsa, kuma ana son kuɗin shekara a dunƙule. Akwai waɗanda hayar da suka biya cikin shekara goma ta isa sayen fili a bayan gari. Shi ya sa maganar lamunin gida ke ƙara shiga bakin ma'aikata da 'yan kasuwa.

Sai dai mutane da dama kan je banki da ƙarfin gwiwa su dawo hannu rabbana, kuma sau tari ba rashin kuɗi ne ke jawo hakan ba. Mai sayar da waya a kasuwar Farm Centre zai iya juya kuɗi a mako guda fiye da albashin wata na ma'aikacin jinya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma idan suka haɗu a gaban jami'in banki, ma'aikacin ne zai fi samun shiga, domin shi kuɗinsa na da sawu a takarda.

Kasuwancin Kano a kan amana aka gina shi. Ana ba da kaya a Kwari da Singa da baki, ana zubin adashi ba tare da rasit ba, ana sayen fili da shaidar mai unguwa. Banki kuwa bai san mutum a masallaci ko a majalisa ba, abin da ke rubuce shi yake karantawa. Duk mai son gida ta wannan hanya dole ya fara shiri tun shekara guda kafin ya cika fom.

Abin da sitatimen ke faɗa a kan mutum

Abu na farko da ake nema shi ne sitatimen, wato takardar da ke nuna shige da ficen kuɗi a asusu, galibi ta wata shida zuwa goma sha biyu. Jami'in da ke duba ta yana son amsar tambaya ɗaya: shin wannan mutum na samun kuɗi a kai a kai da zai iya biya duk wata na tsawon shekaru?

Ga ma'aikaci amsar na da sauƙi, tunda albashi na shiga asusu ɗaya a kusan rana ɗaya. Ga ɗan kasuwa kuwa nan ne matsalar take. Tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, mutane suka rungumi OPay da Moniepoint da PalmPay. Yanzu sai a tarar cinikin shago ɗaya ya kasu gida huɗu: wani a asusun maigida, wani a na yaron shago, wani wurin mai POS na maƙwabta, sauran kuma a aljihu. Idan aka buga sitatimen guda, sai shagon ya fito tamkar ba a ciniki.

Gyaran ba shi da wuya, horon kai yake so. A ware asusu ɗaya na kasuwanci, duk ciniki ya bi ta cikinsa, har tsabar kuɗin da aka karɓa a hannu a riƙa kai su. Cefane da kuɗin makaranta su fita daga wani asusun daban. Wanda ya yi wa kasuwancinsa rajista da hukumar CAC ya buɗe asusu da sunan kasuwancin, ya ƙara wa kansa daraja a idon banki.

Akwai kuma dabarar da wasu ke yi, su aro miliyoyi daga ɗan'uwa su zuba a asusu ana saura mako biyu su nemi lamuni. Jami'an banki sun saba ganin irin wannan. Kuɗin da ya faɗo lokaci guda ba tare da asali ba tambaya yake jawowa. Haka shi ma kuɗin adashi, idan an kwasa a shigar da shi asusu tare da bayanin ko na mene ne. Sayen sitatimen na bogi kuwa laifi ne da kan iya kai mutum gaban alƙali, kuma saƙo ɗaya zuwa bankin da aka ce ya fitar da shi ya isa ya tona asiri.

Tsohon bashi na bin lambar BVN

Abu na biyu shi ne tarihin bashi. Tun da aka ƙaddamar da BVN a 2014, duk asusun mutum a Najeriya an ɗaure shi da lamba ɗaya. A 2017 aka sa hannu kan dokar tattara bayanan bashi, kuma kamfanoni uku ne ke da lasisin Babban Bankin Najeriya a wannan aiki: CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna da ƙananan bankuna da wasu manhajojin bashi na waya na aika musu bayanin wanda ya ci bashi, da yadda ya biya. Daga nan ake fitar da maki. A ma'aunin CRC makin kan fara daga 300 ya tsaya a 850, kuma yawansa shi ne alamar mai cika alkawari.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Naira dubu ashirin da mutum ya ara a waya shekara uku da suka wuce ya manta, ko bashin tsakiyar wata da ya bari a tsohon asusun albashi, duk za su fito ranar da ya nemi miliyan goma. Wanda ya tsaya wa aboki a bashi, abokin ya gaza biya, shi ma abin na iya shafarsa. Tun daga 1 ga Agustan 2020 ma akwai umarnin Babban Banki da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wasu bankunan.

Dokar 2017 ta bai wa kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, amma kaɗan ne ke nema. Ya kamata mai shirin lamuni ya karɓi nasa tun da wuri. Idan akwai tsohon bashi ya biya, ya karɓi takardar shaidar ba a binsa, ya bibiya har a sauya bayanin. Idan kuskure aka yi aka jingina masa bashin da bai ci ba, yana da haƙƙin ƙalubalanta, sai dai gyaran kan ɗauki makonni.

Wanda bai taɓa cin bashi ba kuma, kamar yadda mutanen Kano da dama ke alfahari, rahotonsa zai fito fayau. Wannan ba laifi ba ne, amma ma'anarsa duk nauyin shaida ya koma kan sitatimen ɗinsa.

A yi lissafi kafin a nufi banki

Lamuni mafi sauƙi a ƙasar nan shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, da aka kafa a 1992 ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN. Ana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na abin da ake samu a wata, kuma sai an yi wata shida ana zubi kafin a cancanci nema. Ruwansa kashi 6 ne, ana iya biya har shekara 30, kuma ana nema ne ta hannun bankin lamunin gidaje da aka amince da shi. Masu sana'ar kansu ma na iya yin rajista su riƙa zubi.

Ƙa'idar da ake bi ita ce kada biyan wata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da mutum ke samu. Naira miliyan 5 a kan kashi 6 na shekara 30 na nufin kusan naira dubu 30 duk wata, don haka sai mai samun dubu 90 zai iya ɗauka. Miliyan 15 na buƙatar kusan dubu 90 a wata, wato mai samun dubu 270. Idan aka tuna mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira dubu 71 ne, za a gane iya inda ƙaramin ma'aikaci zai kai.

Shekaru ma na shiga lissafi, domin ana so a gama biya kafin ritaya. Mai shekara 45 da ya rage masa shekara 15 a aiki zai biya kusan dubu 42 a wata kan waccan miliyan 5. A bankin kasuwanci kuwa, idan ruwan ya kai kashi 25, biyan zai haura dubu 105.

Ma'aikaci ya duba takardar albashinsa ya ga ko ana cire masa kuɗin NHF, sannan ya tabbatar kuɗin na isa FMBN da lambarsa. Ma'aikatan tarayya da na kamfanoni masu asusun fansho na ƙashin kai su sani tun 2022 hukumar PenCom ta amince a cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun a biya kason farko na sayen gida, ga wanda ya yi wata 60 ana zuba masa.

Takardar fili da batun ruwa

Ko sitatimen ya yi kyau, maki ya yi sama, gidan da za a saya shi ma sai ya ci jarrabawa. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma jinginar da gida na buƙatar amincewarsa. Banki na neman shaidar mallaka ta C of O, da izinin gini na hukumar KNUPDA, da rahoton ƙwararren da ya kimanta gidan. Filin awon igiya da takardar ciniki mai sa hannun shaidu ba sa shiga wannan layi. Kafin a ba da kafin alƙalami, a je hukumar KANGIS a bincika fayil ɗin.

Akwai kuma waɗanda duk wannan bayani ba zai motsa su ba saboda kuɗin ruwa, kuma a Kano suna da yawa. Tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Irin waɗannan bankuna kan sayi kadara su sayar wa mutum da ribar da aka yanke tun farko, ko su ba shi haya har ya mallaka. FMBN ma na da tsarin haya zuwa mallaka. Amma su ma sitatimen suke nema, su ma suna duba tarihin bashi, don haka shirin bai canza ba.

Nauyin da ke kan hukumomi

Ba adalci ba ne a ɗora komai kan mai nema. Magidancin da ya yi shekara goma sha biyar yana biyan haya a Hotoro ko Daurawa ba tare da ya saɓa ba ya nuna shi mai cika alkawari ne, amma babu inda aka rubuta masa wannan. Ya kamata Babban Banki da kamfanonin tarihin bashi su samar da hanyar da biyan haya ta banki, da zubin ƙungiyoyin gama kai masu rajista, za su shiga makin mutum. Masu haya su ma su daina biya a hannu, su tura ta banki su rubuta cewa kuɗin haya ne, su ajiye rasit.

Gwamnatin Kano ta rage tsada da jinkirin fitar da C of O da amincewar jingina, ta kuma buɗe wa masu filayen awon igiya hanya mai sauƙi ta samun takarda. FMBN da bankunan da ke jere a Titin Zariya da Titin Gidan Zoo su fitar da sharuɗɗansu da Hausa, su shiga kasuwanni su yi bayani, kuma duk wanda aka ƙi ba shi lamuni a faɗa masa dalili a rubuce domin ya san abin da zai gyara. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Farm Centre da Kasuwar Tarauni na iya gayyato jami'an su yi wa mambobinsu rajistar NHF a wuri ɗaya.

Kafin hukumomi su motsa, abin da ke hannun magidanci ya isa ya fara da shi a wannan watan: ya nemi rahoton bashinsa, ya tattara cinikinsa a asusu ɗaya, ya biya ƙananan basussukan da ya manta, ya binciki takardar filin da yake hari. Wanda ya fara yau, baɗi warhaka yana da shekara guda ta shaida da zai ajiye a gaban kowane banki.