Ezekiel Kemboi: Abin da Jigawa za ta koya daga gwarzon tsallake shinge da ruwa

A gasar Olympics ta Paris a 2024, Najeriya ta dawo gida ba lambar yabo ko ɗaya. A wannan gasar ce Soufiane El Bakkali na Maroko ya sake lashe zinare a tseren mita 3,000 na tsallake shinge da ruwa. Sai dai har yau, idan ana maganar wannan tsere, sunan Ezekiel Kemboi na Kenya ne ke fara zuwa bakin masana.

Tseren ba na rago ba ne. Ɗan wasa zai tsallake shinge sau 28, ya haye ramin ruwa sau bakwai, kuma shingen ba ya faɗuwa idan an buge shi. Mutum ne zai faɗi.

An haifi Kemboi a 1982 a yankin Marakwet. Ya ci zinare a Olympics na Atina a 2004 da na Landan a 2012. A gasar duniya kuwa, sau uku yana zuwa na biyu, a 2003 da 2005 da 2007, kafin ya ɗauki kambun sau huɗu a jere daga 2009 zuwa 2015. Jama'a na tuna rawar da yake takawa bayan kowace nasara. A Rio a 2016 ya zo na uku, amma aka ƙwace tagullar saboda ya taka wajen layi. Hakan bai dusashe sunansa ba.

Kemboi bai tsiro daga sama ba. Moses Kiptanui, mutum na farko da ya gama wannan tsere cikin ƙasa da minti takwas a 1995, shi ya horar da shi. Kuma ɗan sanda ne, kamar 'yan tseren Kenya da dama da hukumomin tsaro ke ɗauka aiki, su ba su albashi da lokacin atisaye. Da irin wannan tsari Kenya ta lashe zinaren maza a Olympics tara a jere, daga 1984 zuwa 2016.

Masu cewa baiwar Kenya ce kawai, El Bakkali, ɗan birnin Fez, ya ba su amsa a Tokyo lokacin da ya katse wannan jerin nasarori. Maroko ta daɗe tana zuba kuɗi a horar da 'yan dogon gudu.

A nan gida, yaron da ke Yalwawa a Dutse, mai juriyar gudun da zai wuni yana buga ƙwallo bai gaji ba, hanya ɗaya ya sani: ƙwallon ƙafa. Babu mai auna lokacinsa, babu gasar da za ta fito da shi. Shi ya sa tun da aka fara gudun fanfalaki na Legas a 2016, 'yan gabashin Afirka ke kwashe manyan kyaututtukan.

Gyaran bai buƙatar katafaren filin wasa. Gasar makarantun sakandare a kai a kai a ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, da malaman motsa jiki masu agogon auna gudu, da guraben aiki ga waɗanda suka yi fice, sun isa a fara. Kemboi ya sha kaye sau uku kafin ya zama zakaran duniya, saboda akwai masu riƙe da shi. Yaron Yalwawa kuwa, tun kafin ya fara ake rasa shi.