Ka Daina Cin Nama, To Me Ya Sa Ƙwannafi Bai Bar Ka Ba?

Idan kana yawan leƙa TikTok da Instagram, na tabbata ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan da wani zai fito fes da shi, yana riƙe da kwanon ganye, yana ce maka tun da ya daina cin nama duk wata cuta ta gudu daga jikinsa. Wasu daga cikinmu sun ji sun ɗauka. Wasu kuma ba bidiyo ne ya raba su da nama ba, tsadarsa ce ta raba su da shi, musamman mu ɗalibai da sai a yi sati ba a ga tsoka a tukunya ba. Ko ma dai wane ne kai a cikin biyun, akwai ƙorafi ɗaya da nake yawan ji a ɗakunan kwanan ɗalibai: "Ni fa ba na cin nama, amma ƙirjina kamar an hura wuta."

Wannan wutar ita ce ƙwannafi. Ra'ayina a kanta a taƙaice shi ne: barin nama kaɗai ba ya maganinta. Abin da ka maye gurbin naman da shi, da yawan man da ke ciki, da lokacin da ka ci, da yawan abin da ka ɗura wa cikinka, su ne ke yanke hukuncin ko za ka yi barci lafiya ko za ka kwana a zaune.

Mu fara da yadda abin ke faruwa. Tsakanin bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro da kuma tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe. Aikinta kamar na zariyar wando ne: ta saki abinci ya wuce, sannan ta tsuke. Shi tumbi yana da ruwa mai tsananin tsami da yake narka abinci da shi, kuma Allah ya yi masa rufin da ke kare shi daga wannan ruwan. Bututun abinci ba shi da irin wannan kariya. Saboda haka idan zariyar ta yi sako-sako, ko ciki ya cika har ya matsa mata, sai ruwan ya yi sama. Nan ne za ka ji zafi a ƙirji, da gyatsa mai tsami, wani lokaci har da tari cikin dare ko dashewar murya da safe.

Ka lura, ita wannan tsoka ba ta tambayar ko man da ka ci na saniya ne ko na gyaɗa. Abinci mai maiƙo yana daɗewa a tumbi kafin ya wuce, kuma yana sa zariyar ta saki. To yanzu duba abin da mai barin nama yake ci a garuruwanmu. Da safe ƙosai da ya sha mai, da yaji a gefe. Da rana garau-garau, mai da yaji har yana ƙyalli. Da yamma awara soyayya, an barbaɗe ta da barkono, an yanka ɗanyar albasa a kai. Can wajen sha ɗayan dare, bayan an gama karatu ko kallon ƙwallo, sai a leƙa wurin mai shayi a ci taliyar Indomie leda biyu da attaruhu, a kora da shayi mai kauri ko lemon kwalba, a zo a miƙe a katifa da waya a hannu. Babu ko ƙwayar nama a wannan jerin, amma wallahi an gudu ne ba a tsira ba.

Kada ka fahimce ni a baibai, ba ina kushe cin tsirrai ba ne. Tsari ne da ya daɗe a duniya. A Indiya akwai miliyoyin mutane da suka gaji rashin cin nama tun kaka da kakanni, suna shan madara amma ba sa taɓa nama. A Ingila kuma, a shekarar 1944, Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar waɗanda ba sa cin duk abin da ya fito daga dabba, har madara da ƙwai, su ne ake kira vegan. Akwai ma binciken da ke goyon bayan masu wannan ra'ayi. A shekarar 2017 wata mujallar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta wallafa nazarin da aka yi a jihar New York kan marasa lafiya 184 masu irin ƙwannafin da ke hawowa har maƙogwaro. Waɗanda aka ɗora a kan abincin da kusan duka tsirrai ne, kimanin kashi 63 cikin ɗari sun samu sauƙi, waɗanda aka ba magani kuma kimanin kashi 54.

Sai dai ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa maka. Mutanen nan ganye da 'ya'yan itace da hatsi da wake aka ba su, kuma an hana su soye-soye, da yaji, da kofi, da cakulan, da lemon kwalba. Sannan binciken ƙarami ne, a kan nau'in ƙwannafi guda. Mu a ajin koyon aikin jarida abin da ake fara cusa mana ke nan: kafin ka yaɗa labari, ka tambayi wa ya faɗa, a ina ya samo, kuma me yake sayarwa. Sau da yawa idan ka bi bidiyon zuwa ƙarshe, za ka tarar da lambar waya da robar wani gari da ake so ka saya.

Abin daɗin shi ne, mu ba sai mun nemi abincin Turawa ba. Ɗakin girkin Bahaushe cike yake da abin da zai ƙosar da kai ba tare da nama ba. Gyara kawai ake buƙata a wajen sarrafawa. Waken da za ka yi ƙosai da shi, yi alala da shi, tunda ita turarawa ake yi, kuma ka rage man da kake zubawa. Awara ba dole sai an soya ta ba, ana iya yayyanka fararta a jefa a miyar alayyahu ko ta kabewa, ta zame maka kamar nama. Ga tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko kuɓewa. Ga faten acca, ga dambun zogale, ga dankalin Hausa dafaffe, ga doya, ga kunun gyaɗa idan ba a cika masa tsamiya ba. A 'ya'yan itace kuwa, ayaba da gwanda da kankana sun fi lemo da abarba sauƙi ga yawancin masu ƙwannafi.

Shi wake yana da nasa hali. Idan ka tashi rana ɗaya ka mayar da shi abincin safe da rana da dare, ciki zai kumbura da iska, kuma kumburin ma yana tura ruwan tsamin sama. Ka jiƙa shi ya kwana, ka zubar da ruwan jiƙon, ka dafa shi ya yi luguf, sannan ka riƙa ƙara yawansa a hankali har cikinka ya saba.

Akwai kuma waɗanda ake yawan zargi: tumatir, musamman na gwangwani da aka soya a mai, ɗanyar albasa, tafarnuwa, attaruhu, na'a-na'a, zoɓo mai tsami, kofi, goro, da lemukan ƙara kuzari da muke sha lokacin jarrabawa. A nan zan roƙe ka kada ka yi abin da mutane da yawa ke yi, wato su ga jerin sunaye a intanet su haramta wa kansu komai a rana ɗaya. Wanda ya riga ya bar nama, idan ya sake barin wake da tumatir da albasa da 'ya'yan itace, me ya rage masa? Farar shinkafa da burodi? Wannan hanyar ramewa ce. Abincin wani gubar wani, in ji Hausawa. Buɗe wurin rubutu a wayarka, ka yi sati biyu kana rubuta abin da ka ci, da ƙarfe nawa, da kuma lokacin da ƙirjin ya taso. Wanda ka ga yana maimaita kansa, cire shi kaɗai ka gani. Idan ba a samu canji ba, dawo da shi ka gwada wani.

A ganina ma, agogo ya fi jerin abinci muhimmanci. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2022, ta ba da shawarar a bar tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin cin abinci da kwanciya, a ɗaga wajen kan gado, mai ƙiba ya rage nauyi, a kuma bar taba. Idan sha ɗaya kake kwanciya, to ka gama da abinci wajen takwas. Ɗaga gadon kuwa ba tara filo uku a ƙarƙashin kai ake nufi ba, wannan lanƙwasa ka yake yi ya ƙara matse cikin. Bulo ko katako za ka sa a ƙarƙashin ƙafafun gadon na wajen kai, ya tashi kamar santimita 15 zuwa 20. Idan a ƙasa katifarka take, cusa wani abu a ƙarƙashinta ta yadda daga ƙugu zuwa kai zai yi tudu. Idan ka fara kwanciya ta hannun dama kamar yadda muka saba, sai ƙwannafin ya taso, juya ta hagu, domin a haka ruwan ya fi zama a tumbi. Masu shisha kuma ku ji da kyau, taba ce, kuma tana sassauta wannan tsokar kamar yadda sigari ke yi. 'Yan'uwana mata, ɗamarar matse ciki da ake talla, ita ma tana cikin masu laifi.

Lokacin azumi abin ya fi tsananta, kowa ya sani. A sha ruwa da ƙosai da soyayyen dankali da kunun tsamiya a zama ɗaya, a yi sahur mai nauyi a koma barci nan take. Ka raba buɗa-bakin gida biyu, kaɗan kafin magariba ta wuce, sauran daga baya, kuma bayan sahur ka ɗan zauna kafin ka kwanta.

Sai maganar magungunan da ake turo mana a WhatsApp. Lemon tsami a ruwan ɗumi da sassafe, ko ruwan khal na tuffa, tsami ne a kan tsami, kuma babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa suna maganin ƙwannafi. Jiƙon kanwa yana iya kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma gishiri ne mai yawa kake ɗura wa jikinka ba tare da awo ba, kuma mayar da shi abin kullum haɗari ne, balle ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda. Madara mai maiƙo takan sanyaya ƙirji na 'yan mintoci, daga baya zafin ya dawo.

Wata matsalar ita ce duk zafin da ya taso tsakanin wuya da cibiya, mu sunansa olsa. Ƙwannafi daban, gyambon ciki daban, ko da yake mutum ɗaya na iya samun duka biyun. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Sauran kuma yawan shan magungunan ciwon jiki ne irin su ibuprofen da diclofenac da aspirin. Ita wannan ƙwayar gwaji ake yi a gano ta, a kashe ta da magani. Ba ganyen da zai yi maka wannan aikin.

Ga kuma wani batu da ya shafi masu barin nama kai tsaye, wanda ban cika jin ana faɗa ba. Sinadarin bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, daga abincin dabba ake samunsa: nama, kifi, ƙwai, nono. Shi kuma omeprazole, da muke saya a kemis kamar alewa, yana rage ruwan tsamin tumbi, kuma jiki na buƙatar wannan ruwan kafin ya tatso B12 daga abinci. Wanda ya bar nama da ƙwai da nono, sannan ya shafe watanni ko shekaru yana shan omeprazole da kansa, ya rufe ƙofa biyu a lokaci guda. Ƙarshenta sai kasala, da ƙarancin jini, da jin kamar ana tsira masa allura a tafin hannu da ƙafa. Idan kana shan nono kana cin ƙwai, da sauƙi. Idan ka bar su duka, ƙwayar B12 ta zame maka dole, babu zogalen da zai maye gurbinta. Shi ma omeprazole, wanda ake saya ba da takardar likita ba, kwana 14 aka tsara a sha, da safe kafin karin kumallo da kamar rabin awa. Idan ka gama abin ya dawo, likita za ka gani, ba wani kwalin za ka ƙaro ba.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan abinci yana tsaya maka a ƙirji ko haɗiya tana yi maka wuya, idan kana ramewa ba dalili, idan ka yi aman jini ko bayan gidanka ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ka nufi asibiti. Idan zafin ƙirjin ya zo da gumi da sarƙewar numfashi, ko yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, kada ka ce ƙwannafi ne, zuciya ma haka take yi. Ko babu waɗannan, ƙwannafin da ke zuwa sau biyu ko fiye a sati ya cancanci a duba shi, domin ruwan da ya shekara yana ƙona bututun abinci yana iya yi masa lahani mai ɗorewa.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan ra'ayi ne ya sa ka bar nama, ba wanda zai hana ka. Idan aljihu ne, Allah ya hore. Amma daga yau, kafin ka tura wa wani bidiyon mai kwanon ganye, duba kaskon da ake soya maka awara, ka duba agogon da kake cin abincin dare. Gwada sati biyu: rage mai, rage yaji, ka ci da wuri, ka ɗaga kan gado. Idan ƙirjin bai lafa ba, ka ajiye wayar ka je a duba ka.