Zambo da Alƙalami: Masu Zanen Barkwanci na Douala

Unguwar New Bell da ke birnin Douala an san ta da abu biyu: masaukin baƙi ce, inda Hausawa fatake suka kafa unguwarsu tun zamanin mulkin mallaka, kuma a nan babban gidan yarin birnin yake. Mai son fahimtar darajar zanen barkwanci a Kamaru sai ya dubi duka biyun.

A shekarar 1979 Pius Njawé ya kafa jaridar Le Messager. A 1993 aka fara fitar da ƙanwarta, Le Messager Popoli, wadda zanen Nyemb Popoli ya zame mata ƙashin baya. Jaridar da Faransanci take fita, amma zane ba ya tambayar mai kallo takardar makaranta. Ɗan kasuwar da Hausa da Fulatanci suka fi zauna masa a baki, da ya ga ƙaton tumbi cikin kwat a kan kujerar mulki, ya gama karatu. Wannan ne ƙarfin zanen, kuma shi ne haɗarinsa. A 1996 kotu ta ɗaure Njawé bisa zargin cin mutuncin Shugaba Paul Biya a shafukan wannan jarida, aka kai shi kurkukun New Bell.

Ɗalibin adabin Hausa bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Mawaƙin fada idan zai yi zambo, siffar abokin hamayya yake kamawa, ya zuzuta hanci ko tafiya har jama'a su gane shi. Mai habaici kuwa ba ya kama suna, yana sakin magana ne, mai kaza a aljihu ya kasa jimirin as. Mai zane ya haɗa dabarun biyu cikin ƴan layuka. Shi ya sa masani Achille Mbembe ya ware babi guda a littafinsa On the Postcolony don nazarin zane-zanen jaridun Kamaru.

Sunan da Hausa ta raɗa wa wannan fasaha ma abin lura ne. Barkwanci a al'ada wasa ne mai izini: Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafillace ya tsokani Babarbare, ba mai kai ƙara. Mai zane irin wannan izinin yake nema daga masu mulki, su kuwa ba su ɗauke shi abokin wasa ba. Gaskiya ne wani zanen kan wuce gona da iri, ya koma cin zarafi. Amma maganin mummunan zambo raddi ne, ba kurkuku ba.

Saboda haka ya dace masu nazarin zambo da habaici su buɗe wa zanen barkwanci ƙofa, su tattara shi, su feɗe shi kamar yadda suke feɗe waƙa. Takardar jarida ba ta da tsawon rai, kuma abin da ba a adana ba, gara ce za ta gaje shi.