Magarya da Dungas: Me ya sa kifin tafkunanmu ke ƙanƙancewa?

Duk matar da ke suyar kifi a bakin tasha ko cikin kasuwar Magarya ta san halin da ake ciki ba sai an gaya mata ba. Tarwaɗar da masunta ke kawowa daga tafkunan kusa ba ta kai ta da girma ba, karfasa kuwa wani lokacin faɗinta bai wuce yatsu uku ba. Kuɗin mai da na icce sai hawa suke yi, abin da za a tsoma a kasko kuma sai raguwa.

Kamar yadda mai karatu ya sani, gundumomin Magarya da Dungas, waɗanda aka raba a shekarar 2011, ba su da kogin da ke gudu rani da damina. Abin da Allah ya hore wa yankin shi ne kwarin Korama da fadamun da ruwan ƙasa ke kusa, irin na wajajen Bande, Waca da Guci, inda ake noman rake da kayan lambu. A nan tafkunan suke, wasu su ƙafe da bazara, wasu su riƙe ruwa har damina ta zagayo. Darajarsu ita ce kusanci: da ƙafa, da amalanke ko da kabu-kabu ake zuwa, kifin da aka kama da asuba ya iso kasuwa da ransa, babu neman ƙanƙara, babu biyan kuɗin mota.

Idan ba a manta ba, sau uku cikin shekaru goma 'yan kasuwa suka ga amfanin wannan kusanci. A 2015 an hana su da cinikin banda a yankin tafkin Chadi na jihar Diffa saboda rikicin Boko Haram, ba a ɗage ba sai 2019. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta har zuwa Disamban 2020. Sai kuma takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya tsayar da zirga-zirga ta hanyoyin Babura da Maigatari har farkon 2024. A kowane karo kayan nesa sun yi wuya ko sun yi tsada, amma babu shingen da ya raba mai suya da tafkin bayan gari.

To me ke cin tafkunan? Rairayi na cike su, musamman inda aka nome har bakin ruwa aka sare itatuwan da ke riƙe ƙasa. Ruwan sama mai yawa irin na 2024, wanda ya rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram, yakan cika tafki maƙil, amma da yashi yake zuwa. Kacalla ma ta zama annoba. Wanda ya san tafkin Gidimuni ya ga yadda take rufe fuskar ruwa ta hana jefa birgi. Ga kuma injinan ban ruwa da ke zuƙar tafki da rani, su ma masu lambu abincinsu suke nema.

Sai dai a ganina babbar ɓarnar tana hannunmu. Tarwaɗa da damina take hayayyafa, lokacin da ruwa ya malala cikin ciyawa, kuma a daidai wannan lokacin ne wasu ke tare ta da cikinta cike da ƙwai. Wasu ma gidan sauron da aka raba don maganin zazzaɓi suke ja a ruwa, su kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Dokar su ta riga ta shar'anta neman izini ta kuma hana kayan aiki masu ɓarna, amma ma'aikacin gandun daji ɗaya ba zai kwana a bakin kowane tafki ba. Shi ya sa ko an zuba irin kifi, kamar yadda hukuma da wasu ayyukan raya karkara kan yi, aikin kan tashi a banza idan an buɗe su kafin kifin ya samu watanni biyar ko shida yana girma.

Masunci ba ya kama abin da ba a saya. Ƙananan kifin nan da ake aunawa a kwano a shanya, wa ke karɓar su? Mu ne. Kuma da yawa cikin masunta da jarin mata masu suya suke sayen koma da ƙugiya, su biya da kifi. Ke nan mai ba da jari tana da bakin cewa ga irin ragar da za a saya, ga girman kifin da za ta karɓa. Mace ɗaya ba za ta iya ba, don maƙwabciyarta za ta saye abin da ta ƙi. Sai in matan kasuwa guda sun haɗa baki.

A da, sarkin ruwa ke rufe tafki ya buɗe, ba mai karya maganarsa. A yau akwai ofishin magajin gari, da hakimi, da ma'aikatan gandun daji, da kwamitin masunta inda aka kafa shi, amma da wuya ka ga an kira mai suya ko mai banda zaman da ake sa ranar buɗe su. Kafin ruwan farko ya sauka ake yin irin wannan zama, don haka ƙungiyoyin matan kasuwa na Magarya, Bande, Waca da Dungas su kai buƙatar kujerarsu ofishin magajin gari tun da rani.